Awakin da Yaya Binta ta bari a hannun Talatu

Shekara takwas ke nan da rasuwar yayata, Binta. Mutanen unguwarmu a Gumel suna tuna ta da fara'a da zumunci. Ni kuwa, Allah ya gafarta mini, abin da ke fara zuwa mini shi ne barcinta na rana. Ban taɓa ganin mai son hutu kamarta ba, kuma ba ta ɓoyewa. Takan ce duk neman kuɗin da zai hana ta miƙe ƙafa bayan azahar, a kai kasuwa.

Amma fa ba ta yarda kuɗi ya kwanta a ƙarƙashin katifa ba. Ungozoma ce a wani ƙaramin asibiti, albashin bai taka kara ya karya ba. Ta gwada sayar da atamfa, zaman ciniki ya ishe ta. Ta gwada sayen riɗi da zoɓo da kaka ta ajiye sai bazara, ta ce akwai riba, amma gadin buhu daga ɓera da laima ai shi ma aiki ne. Daga ƙarshe ta tsaya a kan akuya. Idan ta kwashi adashi, sai ta shiga mota ranar Alhamis zuwa kasuwar Maigatari, ta sayi 'yar ƙaramar akuya, ta kai ta wani ƙauye bayan Sule Tankarkar, wurin wata mata mai suna Talatu wadda ta taɓa karɓar haihuwarta. Sharaɗin kowa ya san shi a wajenmu. Uwar ta mai ita ce, 'ya'yan a raba tsakanin mai akuya da mai kiwo. In ta mutu ba da sakaci ba, babu mai tuhumar wani. Duk ranar da mai akuya ta so kayanta kuma, zuwa za ta yi ta kwance.

Nakan yi mata tsiya in ce wannan jarin malalata ne. Sai ta kwashe da dariya ta ce, "To ke mai himma, nuna mini naki."

Allah bai ba ta haihuwa ba, ita da ta karɓi haihuwar rabin unguwa. Ranar sunan 'yata Safiya, mata suka yi ta kawo sabulu da zannuwa, Yaya Binta ta shigo hannu rabbana. Ta ce kyautar jaririya tana ƙauye tana cin ciyawa. Daga zuriyar wannan akuyar aka yi wa Safiya ɗinkin Sallah sau da yawa, daga ita aka biya mata kuɗin jarrabawa. Yaya ta rasu, awaki ba su san an yi ba, suka ci gaba da haihuwa.

Yanzu Safiya ta girma, tana koyarwa a Gagarawa. Kwanakin baya ta nuna mini yadda sa'o'inta ke zuba jari ta waya. Da ɗan abin da bai kai kuɗin akuya ba mutum zai sayi hannun jari a kamfani, ko ya sa a asusun da ake juya wa mutane kuɗi, ya manta da shi. Babu dusa, babu allurar dabbobi. Na daɗe ina tunanin me Yaya za ta ce da ta ga wannan zamani. Na tabbata da ta so shi, don kuwa neman kuɗi a kwance a kan tabarma shi ne burinta tun asali. Da ta fara aika a tambayo malam ko babu kuɗin ruwa a ciki. Da ta bincika ko hukuma ta san da zamansu, don ta tsani masu alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda. Bayan nan, ina jin da ta danna ta juya ta yi barcinta.

Safiya ta ce za ta sayar da awakin duka ta sa kuɗin a can. Hujjarta ba ta da makusa. Cuta ta kashe wasu da damina, ɓarayi sun yi yawa, kuɗin mota zuwa ƙauye ya ninka. Kayanta ne, ban hana ta ba. Amma raina ya sosu, don na san mijin Talatu ya rasu, idonta ya yi rauni, kuma da rabonta na 'ya'yan awakin take auno wa jikokinta gero idan rumbu ya ƙare.

Muka aika wa Talatu cewa muna tafe. Da muka isa, muka tarar ta ɗaure su duka a gindin aduwa, sun ƙoshi, kowacce da sabuwar igiyar da ta tufka da hannunta. Ta ba mu fura, aka gaisa, sannan ta dubi Safiya.

"Ga amanarki, 'yar nan. Duba su da kyau, babu mai tari. Waccan jar ciki gare ta, kada a ɗora ta a babur, a sa ta a mota."

Ba ta roƙi komai ba, ko da ido. Safiya ta dubi awakin, sannan ta tambaye ta.

"Iya, in na tafi da su, naki nawa suka rage?"

"Nawa sun tafi wajen jinyar Malam. Kada wannan ya dame ki. Allah yana nan."

Na kau da kai don kada su ga hawayena. Sai na ji Safiya tana ce wa direban motar da ta kawo mu ya kama taure biyu kawai, su ma sun isa a fara da su a wayar. "Matan kuma, Iya, a kwance su. Yadda kuka yi da Inna Binta, haka za mu ci gaba."

Yaya ba ta bar gida ba, ba ta bar fili ba, ba ta bar ɗan da zai ɗauki sunanta ba. Ko kabarinta yanzu sai an nuna mini. Na daɗe ina jin ciwon hakan. Ran nan, a gindin aduwar, na ga abin da ta bari: wata tsohuwa da ba danginmu ba, da yarinyar da ba ta haifa ba, da abin da ke tsakaninsu. Allah ya ji ƙanta, ya sa ta huta hutun da ya fi wanda take so.

Talatu ta sunkuya za ta kwance igiyar farko. Ashe ta ɗaure su tamau, ƙullin ya ƙi warwarewa. Safiya ta tattare mayafinta, ta durƙusa a cikin kashin awaki, suka sa hannu tare.