Ruwan Da Ban Tsoma Hannu A Ciki Ba

Edita, ina roƙon ku buga wannan labari nawa ba tare da suna ba, don ko a haka ma wasu a unguwarmu za su gane ni. A lokacin da abin ya faru ni mace ce mai ji da kanta. Na shekara fiye da goma a unguwar Jamaica ta Queens a birnin New York, ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu, maigidana kuma yana ɗaukar kaya a filin jirgin JFK. A cikin matan Hausawa da muke haɗuwa wurin suna da biki, ni ce likitar da ba ta da takarda. Wadda ɗanta ya yi zazzaɓi ni za ta kira, wadda aka rubuta wa magani ni za ta turo wa hoton kwalbar. Bakina ba ya shiru, kuma ba na son a gyara mini magana. Na wanke tsofaffin Turawa da ban san adadinsu ba, kuma ban taɓa saka ɗaya daga cikinsu a ruwa ba sai na fara tsoma gwiwar hannuna na ji zafinsa. Ku riƙe wannan, don a kansa labarin ya tsaya.

Surukata, mahaifiyar maigidana, Hajiya nake ce mata. Zuwanta Amurka na farko don haihuwar 'yata ta fari ne, ita ta yi mini wankan jego a ɗan banɗakinmu. Manyan tukwane biyu take ɗorawa a kan murhu, tururi ya cika gidan har ƙararrawar gobara ta kama ihu maƙwabta su fito. Da babu ganyen darbejiya sai ta mai da ƙaramin tawul madadinsa. Ni kuwa saboda kunya bayana nake juya mata, fuskata a bango, ina cije leɓe tana fyaɗa mini ruwan tana cewa zafi ne kaɗai ke korar sanyi daga jikin mace. Na yi arba'in na miƙe garau, daga nan na yarda da ruwan zafi kamar yadda na yarda da sunana. Ina son matar nan, amma tsakaninmu akwai kunya irin ta gida. Ban taɓa haɗa ido da ita ba, ban taɓa cin abinci a gabanta ba, ban taɓa ganin ƙafarta sama da idon sawu ba.

Zuwanta na biyu na jinya ne. Ta daɗe da ciwon suga, sannan ɓarin jikinta na hagu ya ɗan shanye, sai ɗanta ya ɗauko ta daga Kano. Masu gashin ƙashi na asibiti suka yi ƙoƙari har ta fara takawa da sanda mai ƙafa huɗu, daga ɗaki zuwa falo. Burinta ɗaya ne a duniya, ta koma gida da ƙafafunta. Ta ce ba za ta yarda a turo ta a keken guragu a gaban jikokinta da mutanen unguwa ba. Har takalmi ta sa na kai ta muka sayo, baƙi mai laushi, ta ajiye shi a cikin kwalinsa a ƙarƙashin gado, ta ce da shi za ta sauko daga jirgi. Abin da ke damunta shi ne ƙafafun. Takan ce ji take kamar a kan auduga take tafiya, sanyin ƙasar nan ya shige ta har ƙashi. Likita ya yi bayani a gabana, ni ce ma na fassara mata, cewa suga ne ya kashe jijiyoyin ƙafar, shi ya sa ba ta jin komai, kuma a kiyaye ta da ruwan zafi. Hajiya ta ce yaron nan bai san sanyi ba. Ni ma a raina na ce haka ne, Bature me ya sani game da sanyi.

Ana nan wata mata ta turo bidiyo a zaurenmu na mata a waya. Wani ɗan ƙaramin gari ne a tsakiyar duwatsu, can yammacin ƙasar, inda ruwa ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa da zafinsa, masu ciwon gaɓoɓi da waɗanda suka tashi daga jinya suna zuwa su jiƙa jikinsu. Na nuna wa Hajiya, ta yi ta tasbihi, ta ce ruwan da Allah ya dafa da kansa ai ba zai rasa waraka ba. Nan take na ƙudura a raina cewa ga ranar da zan rama mata wankan jegon da ta yi mini. Maigidana ya ce a fara tambayar likita, na ce masa ni da nake wannan aiki kullum ba sai an koya mini wanka ba. Ya ƙyale ni, ya samo mana tikitin jirgi a wurin aikinsu. Shi bai sami hutu ba, muka tafi mu biyu.

Garin titi ɗaya ne, duwatsu sun kewaye shi, ko'ina warin ruɓaɓɓen ƙwai, tururi yana fitowa har daga magudanar ruwa. Tsofaffi suna yawo a kan titi da fararen rigunan wanka kamar a tsakar gidansu. Da muka leƙa babban wurin wankan muka tarar maza da mata a ruwa ɗaya, kowa da ɗan kamfai. Hajiya ta ja mayafi ta rufe fuska tana salati, ta ce in mai da ita inda na ɗauko ta. Da ƙyar na lallashe ta da cewa akwai ɗakuna na mutum ɗaya masu ƙofa. Ma'aikaciyar da ta kai mu ɗakin, wata dattijuwa mai fara'a, ta tambaye ni ko Hajiya tana da suga ko ciwon zuciya. Na san in na ce eh za ta iya hana mu, bayan duk wannan doguwar tafiya. Na dubi matar nan na ce babu. Ta haɗa ruwan a kwamin wanka zuwa rabi, ta auna shi, sannan ta nuna mini famfo mai jan kai ta ce wannan kai tsaye daga ƙarƙashin dutse yake zuwa, ko ƙwai aka saka zai dahu, kada mu taɓa shi. Ban fassara wa Hajiya ko kalma ɗaya ba.

Hajiya ta ƙi tuɓewa. Ta zauna a bakin kwamin ta gefen famfunan, ta taɓa ruwan da hannu, ta taɓe baki ta ce wannan ai na wankan jarirai ne, wane sanyi zai kora. Na ji kunya ta kama ni, kamar na kawo baƙuwa na ba ta tuwo babu miya. Na murɗa jan famfon. Da na ga za ta ɗage zane ta zura ƙafafu sai na kau da kai, na fita na tsaya a bayan ƙofa. Daga can nake tambayarta ko ya yi, tana cewa ita har yanzu ba ta ji komai ba, in ƙara. Na shiga idona a ƙasa, na laluba na ƙara murɗawa, na sake fita. Tururi yana fitowa ta ƙarƙashin ƙofa ina jin daɗi, ina tuna banɗakinmu na Queens. Hannuna bai kai taku ɗaya daga ruwan nan ba, amma ban tsoma shi ba, don in zan tsoma sai na sunkuya a kan ƙafafun surukata a buɗe. Ashe duk tsawon lokacin ruwan famfon a kan ƙafarta ta hagu yake zuba.

Ta fito sharkaf da gumi, ta riga ta mai da safarta da kanta, tana ta sa mini albarka. Ta ce ƙafar ta yi ja, alamar ciwon ya fara fita ke nan. Idonta dama ba ya gani sosai, kuma tun da ta kwanta ciwo shafa take yi a kan safa in za ta yi alwala, don haka babu abin da zai sa a cire ta. Washegari muka kamo hanyar New York. A jirgi ina ta tsara yadda zan ba matan zaure labari.

Bayan mun dawo zazzaɓi ya rufe ta, tana rawar sanyi. Ta ce ciwo ne ke fita, ni ma na ce haka ne, na dama mata kunu. Sai a rana ta biyu, ina shara a ɗakinta da hantsi, na ji wani wari. Na san warin nan daga wurin aiki, na taɓa jin sa a jikin wani tsoho da aka bari kwance ba a juya shi. Tsintsiyar ta faɗi daga hannuna. Na durƙusa na ce Hajiya ta yi haƙuri zan duba ƙafarta. Ta janye ta cikin zane ta ce wane irin rashin ta ido ne wannan. A rayuwata ban taɓa saɓa mata ba sai ranar. Na kamo ƙafar hagun, na ji safar ta jiƙe ta manne. Na ja a hankali, sai ga fatar tana biyo safar, tun daga idon sawu har yatsu, kamar an saɓule fatar dafaffiyar kaza. Yatsu biyu sun yi baƙi. Abin da ya fi girgiza ni shi ne Hajiya ko motsi ba ta yi ba. Fuskata take kallo, tana tambayata lafiya, me na gani.

A asibiti ba su yarda in yi tafinta ba, suka kira wani a waya mai Hausar Nijar. Likita ya tambayi yadda aka yi. Ina tsaye, maigidana yana tsaye da rigar aikinsa, Hajiya ta ce ita ta murɗa famfon da hannunta bayan na fita, yarinyar nan ba ta sani ba. Na ji tafintan ya mayar da maganar cikin Turanci, na ga likita ya gyaɗa kai, kuma ni mai bakin da ba ya shiru ban ce uffan ba. Suka yi iya ƙoƙarinsu, amma ƙwayar cuta ta riga ta kai ƙashi. Ƙafar dama ta warke bayan doguwar wahala. Ta hagu suka yanke daga ƙasan gwiwa. Ranar da aka fito da ita na ga bargo ya lafe a inda ƙafar take a da. Garin neman gira na rasa mata ido. Daga baya na gaya wa maigidana gaskiya, ya dube ni ya ɗauki hularsa ya fita. Mun daɗe a gida ɗaya gaisuwa kawai ke haɗa mu, kuma Hajiya ce ta kira shi ta ce in bai saki ransa ba ita ba ta yafe masa ba.

Da ta dawo gida ni nake wanke mata ƙafar da ta rage, kullum, ina duba tsakanin yatsu kamar yadda nas ta nuna. Kunyar da na riƙe shekara da shekaru ta tafi a rana ɗaya, lokacin da ba ta da sauran amfani. Wata rana na tsoma gwiwar hannuna a roba kafin in saka ƙafarta, sai ta yi murmushi ta ce ashe na iya. Ta ce ita ma haka take yi lokacin jegona, ba ta taɓa zuba mini ruwan da ba ta fara tsoma nata hannun a ciki ba, in ya fi ƙarfinta ta sirka. Ba da faɗa ta faɗa ba, hira ce kawai take yi. Duk kwanakin nan na jego bayana na juya mata, zafin kaɗai na sani, ban taɓa ganin hannun da ke auna shi ba. Rabin al'adar na ɗauka na tafi da shi har cikin duwatsu.

'Yan uwana mata, musamman mu da ke riƙe da iyaye a ƙasar nan, ba na cewa ruwan garin nan mugu ne, na ga waɗanda ya yi wa amfani. Matar da ta tambaye ni aikinta ta yi, ni na yi mata ƙarya. In naku yana da suga ya ce muku ba ya jin zafi, wannan ba dauriya ba ce, ciwon ne ke magana, kada ku ƙara. In an tambaye ku abin da ke damun mara lafiya ku faɗi gaskiya ko da za a mai da ku gida. Kunya ado ce, amma mai jinya ba ta juya baya. Ku duba jikin tsofaffinku da idonku, ku taɓa ruwa da hannunku, in sun yi fushi za su huce.

Hajiya ta koma Kano a keken guragu, ɗanta ne ya tura ta a filin jirgin da yake aiki. Ranar tafiyar ta sa na jawo kwalin nan daga ƙarƙashin gado, na saka mata takalmin dama. Na hagun ta ce in bayar ko in zubar, wa zai karɓi wari ɗaya. Ban zubar ba. Yana nan a bakin ƙofar banɗakina, ko ƙasa bai taɓa takawa ba.