Theda Saathoff, wadda ta hana takarda ta biyu shiga gidan makoki

Ranar Litinin, 31 ga Maris, 2025, Theda Saathoff ta ajiye aiki a garin Leer na ƙasar Jamus bayan shekara talatin da ɗaya da wata shida. Ta shiga ofishin ne lokacin da harajin ciniki yake kashi 15 cikin ɗari, ta ga ya hau 16 a 1998, ya hau 19 a 2007, ya sauka a 2020, ya sake hawa a 2021. Kamfanin ƙarami ne, sana'arsa rubuta manhajar da gidajen hidimar jana'iza hamsin da takwas suke fitar da takardar biya da ita, iyalan mamaci kuma su biya ta intanet.

Kullum da safe takan jingine kekenta a jikin bango, ta karanta sanarwar ma'aikatar kuɗi kafin ta amsa gaisuwar kowa da kyau. Aikinta shi ne ta tabbatar kowane abu a takardar ya ɗauki harajinsa: akwatin gawa da ɗawainiya babban kaso, furanni ƙaramin kaso, kuɗin kabari na hukumar gari babu ko anini a kansa. Ƙarfe sha ɗaya sai shayi, da ƙanƙarar sukari a ƙasan kofi da kirim a sama, kuma kaiton wanda ya sa cokali ya juya a gabanta.

A ranar 3 ga Yuni, 2020, ana tsakiyar annoba, gwamnati ta sanar cewa daga 1 ga Yuli harajin zai sauka daga 19 zuwa 16 na wata shida. Sabuwar manhajar intanet da kamfanin ya gina a 2017 gurbi ɗaya take da shi na kowane kaso. Harajin ya daɗe bai motsa ba, babu wanda ya ga laifin hakan a lokacin, har ita Theda. Shugaban kamfanin, Onno Buss, wanda ya gaji kujerar mahaifinsa, ya yanke cewa ranar ƙarshe ta Yuni za a goge 19 a rubuta 16, shi ke nan.

Kwana kaɗan bayan haka, suna shan shayi a tsakar gida nesa da juna, sai ga Tjark Meinders, dattijo mai hidimar jana'iza, ɗaya daga masu amfani da manhajar, da baƙar kwat ɗinsa.

"Moin," in ji shi, gaisuwar mutanen yankin.

"Moin, Tjark. Ba mu aika a kira ka ba, duk nan da ranmu," in ji Theda.

"Ni ba na gaggawa, Theda. Kowannenku zai biyo ta shagona."

Ya karɓi kofi. Cikin hira ya ce mijin Frau Ammermann ya rasu, za a binne shi ranar 26 ga wata, bayan 'yarsa ta samu izinin ƙetaro iyaka. Onno ya ce to ya fitar da takardar kafin wata ya ƙare.

Tjark ya dube shi. "Ɗan nan, ƙasar kabari ba ta bushe ba in tura wa mace takardar kuɗi? Mako uku muke jira. Haka ubana ya yi, haka kowa yake yi daga nan har Emden."

Theda ta ajiye kofinta. Doka ba ta duba ranar da aka rubuta takarda, ranar da aka kammala aiki take dubawa. Wanda aka binne a Yuni, harajinsa 19 ne, ko da takardar ta fita a Yuli. In aka goge lambar, kowace jana'izar ƙarshen Yuni za ta fita da 16, ofishin haraji ya nemi cikon, a sake rubuta wa iyalin cewa an yi kuskure, su ƙaro kuɗi. Ta faɗi haka a taƙaice.

"Ai cikon ba shi da yawa," in ji Onno. "Sai a aika takardar gyara."

"Kai za ka kai mata?" in ji Tjark. "Mutum goma kawai aka yarda su raka mijinta. Sai ka buga ƙofa ka ce saura kashi uku."

Onno ya ci gaba da jan ƙafa. Ba rashin tausayi ba ne: akwai babban aikin da ya yi alkawarin miƙawa a watan, kuma albashin mutum tara yana rataye a kansa.

"Onno, na riƙe ka kana cikin tsumma a ofishin nan," in ji Theda. "Ka ba ni Fenna Kruse, ka ba ni mako uku, ka rufe mana ƙofa. Ka je ka ba masu jiran wancan aikin haƙuri, ka iya daɗin baki."

Ya shafa kai, ya ɗauki waya ya fita.

Ita da Fenna, abokiyar aikinta, suka kwance manhajar daga tushe. Suka sa kowane kaso ya zama yana da ranar farawa da ranar ƙarewa, ba a goge tsoho, sai dai a ajiye sabo kusa da shi. Suka sa takardar ta fara tambayar ranar binnewa, sannan ta zaɓi harajin da kanta. Majalisa ba ta zartar da dokar ba sai ranar 29 ga Yuni, amma kafin nan Theda ta kira gidajen ɗaya bayan ɗaya, ta yi wa masu kunnen ƙashi bayani sau biyu, ta sha zagin wani a Aurich wanda ya ce zai koma keken rubutunsa.

Theda, ke ce kika gane cewa a bayan kowace lamba akwai wadda za ta buɗe ambulan a teburin ɗakin girki, kujerar da ke gabanta babu kowa. Ke ce mai tsaron ƙofar da masu gida ba su san ana tsare musu ba. Ba a taɓa ambaton sunanki a wurin makoki ba, kuma hakan kika so. Mun gode miki, mu da muka binne namu a garin nan. Duk wanda yake zaune gaban na'ura yana shigar da lambobin da wasu za su biya, ya tashi ya tambayi yadda mutanen suke aikinsu kafin ya taɓa komai, kamar yadda kika saurari Tjark.

Takardar Frau Ammermann ta fita ranar 17 ga Yuli da kashi 19, 'yarta ta biya ta waya. A Janairu, da harajin ya koma sama, waɗanda aka binne a Disamba suka fita da 16. A gidaje hamsin da takwas ɗin nan, babu iyalin da aka sake rubuta wa saboda haraji.