Juwairiyya Mai Daddawa a Wurin Sulhu

Duk mai cin kasuwar Tsafe ya san Inna Juwairiyya, ko bai san sunanta ba ya san daddawarta. Tana zama a layin masu kayan miya, gajeruwar mace mai faɗin kafaɗa, ba ta kiran ciniki kuma ba ta yawan dariya. Ƙauyensu yana can gaba da 'Yankuzo, inda gonaki suke ƙarewa daji ya fara. Mijinta ya rasu tun 'ya'yanta suna ƙanana, kuma da kalwa ta rene su: a tsinko ɗorawa, a fitar da ƙwayar, a dafa, a wanke, a rufe ta har ta yi, sannan a kirɓa a shanya. Da gwiwa ta fara hana ta shiga daji, sai aikin tsinkar ya koma hannun Hafsatu, matar ɗanta Rabi'u.

A bazarar da abin ya faru, mutanen ƙauyen sun riga sun saba da 'yan bindiga. An san ƙarar baburansu, an san hanyar da ba a bi bayan la'asar. Amma ɗorawa ta nuna, kuma gida babu hatsi, don haka Hafsatu ta fita da hantsi ita da mata biyu. Da azahar aka tsinci kwandunansu a ƙarƙashin itace, da takalmi ƙafa ɗaya.

Hafsatu kaɗai ta dawo, bayan wasu makonni. Wani mai itace ya gan ta a bakin hanya tana tafiya tana dafa ƙasa. Ba ta faɗa wa kowa komai ba, sai da Juwairiyya ta shigar da ita bayan gida za ta gasa mata jiki, ta ga abin da ta gani. Tsohuwar ba ta yi tambaya ba. Ta gama, ta ɗaura mata zani, ta fito ta sami Rabi'u a zaure. Shi kuwa tun dawowar matarsa bai shiga ɗakin ba. Wasu suna zuga shi ya shiga 'yan sa-kai ya rama, wasu kuma suna raɗa masa cewa macen da ta kwana a daji ba ta komawa ɗakin miji. Uwar ta ce masa ya nemo mota, Gusau za su tafi.

A wani asibiti a Gusau, kan bencin da mata suke jiran layi, wata doguwar tsohuwa ta tsura wa Juwairiyya ido. Sai da ta yi magana Juwairiyya ta gane ta. Zulai ce, Bafillatanar da a da take kawo nono kasuwar Tsafe, suna musayar man shanu da daddawa. Shekaru sun wuce ba su haɗu ba, tun lokacin da Fulani suka daina shiga kasuwar don tsoron ransu. Kusa da Zulai akwai wata budurwa ta rufe fuska da mayafi, jikarta ce, Fatima. Zulai ta ce sun koma wajen Bungudu ne suna neman lafiya, can 'yan sa-kai suka faɗa wa rugarsu, suka ƙone bukkoki, suka ja yarinyar cikin kara.

Juwairiyya ta dubi Hafsatu, Zulai ma ta dube ta, ta gane. Can sai Zulai ta sunkuyar da kai ta ce ɗanta na fari yana daji da bindiga, tun ranar da aka kashe ubansa, kuma ba ta san ko yana cikin waɗanda suka yi wannan aiki ba. Juwairiyya ta tashi ta koma ƙarshen benci. Amma da aka kira Fatima ciki, ta ga yarinyar ta kasa miƙewa, ita ce ta kama mata hannu ɗaya. Kafin su rabu sun karɓi lambar wayar juna.

Suna komawa ƙauye suka tarar ana maganar sulhu. Damina ta kusa, kuma idan ba a yi shuka ba yunwa za ta ƙarasa abin da bindiga ta bari. Malam Sahabi, dattijon da aka wakilta ya jagoranci mutanen gari, ya tara maza a ƙofar masallaci ya faɗi sharuɗɗan: a bar manoma su shiga gona, a buɗe wa shanu burtali, a bar Fulani su ci kasuwa, a daina tare hanya. Juwairiyya ta ji komai daga bayan danga. Da taron ya watse ta bi shi har zaurensa, ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta tambaye shi ina maganar mata, da kuma biyun da har yanzu suke daji.

Malam Sahabi mutumin kirki ne, ya yi jana'izar mutane da yawa a shekarun nan, kuma ya gaji. Ya ce mata abin da ya wuce ya wuce, wannan magana ce ta kunya wadda ba a ɗaga ta a gaban maza, kuma mutanen nan zuciyarsu a kusa take, kalma ɗaya tana iya rushe komai. Ya ce idan an zauna lafiya, matan za su dawo da kansu.

“Malam,” in ji ta, “kun yi wa saniya hanya, kun yi wa gero hanya. Mu da muke shiga dajin nan kullum, wa ya yi muna?”

Ta nemi a tafi da ita wurin sulhun, ya ce ba a zuwa da mata irin wannan wuri. Ta ce to, ta tashi.

Da ta gaya wa Hafsatu abin da take shirin yi a wurin sulhun, yarinyar ta riƙe mata zani. Ta ce ta yarda a yi maganar, amma kada a ambaci sunanta, kada a nuna gidansu, domin ita za ta ci gaba da zuwa rijiya a garin nan. Juwairiyya ta yi mata alkawari. Sannan ta sa Rabi'u ya kira mata Zulai. Maganar ba ta yi tsawo ba. Ta roƙe ta ta zo wurin sulhun, Zulai ta ce za ta nemi ɗanta ya kai ta, in ya so ya kashe ta.

Ranar sulhun, maza suka fita da hantsi zuwa wani busasshen rafi inda aka shirya haɗuwa. Juwairiyya ta bi su daga nesa da sandarta. Sai da suka yi nisa Malam Sahabi ya waiga ya gan ta, kuma a lokacin mayar da ita ita kaɗai ya fi haɗari. Ya ce ta zauna a baya, kada ta buɗe baki. Rabi'u yana cikin tawagar, bai iya haɗa ido da kowa ba.

'Yan dajin suka iso a kan babura, uku-uku, bindigogi a rataye, yawancinsu samari ne da rawani ya rufe musu rabin fuska. Wasu suka hau gaɓar rafin suka kewaye wurin. Babbansu siriri ne, mai sanyin murya, ya zauna a kan tabarma ya ɗora bindiga a cinya. Juwairiyya ta duba ko'ina ba ta ga Zulai ba.

Aka yi addu'a, aka fara. Kowane ɓangare ya lissafa gawarwakinsa da shanunsa da rumbunansa. Sau biyu murya ta tashi, samarin kan gaɓa suka gyara tsayuwa, sau biyu Malam Sahabi ya kwantar da ita. Rana ta take, an amince da gona da burtali da kasuwa, wani ya fito da Alƙur'ani za a yi rantsuwa. Nan Juwairiyya ta dafa sanda ta miƙe.

Ta yi sallama, ta ce ita mai daddawa ce, ba ta da gona ba ta da saniya. Ta ce akwai mata biyu na garinsu a hannunsu, kuma an yi wa mata fyaɗe a dajin nan, ta faɗi kalmar a fili yadda kowa ya ji. Ta ce kafin a dafa littafin Allah a sa wannan a ciki.

Wani saurayi a kan gaɓa ya ɗana bindiga, ƙarar ta cika rafin. Wani dattijo na kusa da ita ya ja bakin zaninta yana cewa ta zauna don Allah. Malam Sahabi ya fara ba da haƙuri, yana cewa tsufa ne. Babban ya ɗaga hannu ya tsayar da shi, ya dubi tsohuwar tun daga sama har ƙasa.

“Inna, wace ce aka yi wa? Faɗi sunanta, ki nuna wanda ya yi.”

Ta san tarko ne. Idan ta faɗi sunan, ta tona Hafsatu a gaban gari duka. Idan ta nuna wani, ba ta san shi ba, kuma jini zai zuba kafin la'asar. Ta ji idon Rabi'u a bayanta.

“Ba ni faɗi,” ta ce. “Kai ka san yaranka, mu mun san ɗiyanmu.”

Ya ce ke nan ƙazafi ta zo yi musu a wurin sulhu. Ya fara naɗe bakin rawaninsa kamar mai shirin tashi, samarinsa suka nufi babura, wasu daga cikin mutanen gari suka soma ja da baya suna neman hanyar gudu. A daidai lokacin wani babur ya gangaro cikin rafin daga ɓangaren daji. Wani mai bindiga ne yake tuƙi, Zulai tana bayansa.

Ta sauka da ƙyar, ta wuce tabarmar mazan ba ta gaishe da kowa ba, ta tsaya kusa da Juwairiyya. Ta fara da Fillanci, da ƙarfi, tana nuna samarin da yatsa. Juwairiyya ba ta ji me take cewa ba, amma ta ga wasu sun sunkuyar da kai. Sannan Zulai ta juyo wajen mutanen gari ta koma Hausa. Ta faɗi abin da aka yi wa jikarta a Bungudu, ta ce waɗanda suka yi Hausa suke ji, kuma a garuruwa irin nasu suke kwana. Yanzu kuma dattawan gari ne suka rasa inda za su sa idonsu.

Babban bai tashi ba. Ya daɗe yana murza ƙasa da yatsa. Daga baya ya ce idan za a sa maganar mata, to a sa ta kowane ɓangare, kuma duk wanda ya taɓa mace, mutanen ɓangarensa ne za su kama shi su miƙa shi. Malam Sahabi ya dubi dattawan, babu wanda ya musa. A kan haka aka dafa Alƙur'ani. Game da mata biyun, babban ya ce zai bincika, bai ƙara komai ba.

A hanyar komawa ba wanda ya yi wa Juwairiyya magana. Ciwon gwiwarta ya tashi a tsakiyar hanya, Rabi'u ya goya ta har gida.

Kafin ruwan farko aka ajiye ɗaya daga cikin matan a bakin gari. Ɗayar ba a sake jin labarinta ba. Ba a hukunta kowa a kan abin da ya riga ya faru ba, ko a daji ko a gari. An yi shuka, an yi girbi, kuma a daminar nan ba a taɓa mace ko ɗaya ba a yankinsu, ko da yake ana jin labari daga wasu wurare. A garin har yanzu akwai masu cewa tsohuwar ta kusa sa a kashe su duka, akwai kuma matan da suke zuwa gidanta da rana, su zauna a gindin murhu su faɗi abin da ba su taɓa faɗa wa kowa ba. Wadda take bukatar asibiti, Juwairiyya takan raka ta Gusau da kanta.

Rabi'u bai shiga 'yan sa-kai ba, bai kuma saki matarsa ba, amma zaman ƙauyen ya gagari Hafsatu. Bayan girbi suka koma Sabon Gari a Gusau, shi yana dako a kasuwa, ita tana koyon ɗinki. Sun roƙi Inna ta bi su, ta ce ba yanzu ba, domin an ce za a sake zaman sulhu kafin damina mai zuwa, kuma mata uku sun riga sun ce za su tafi tare da ita.