Mikiyar Tagulla a Misfala

Bayan yaƙin duniya na biyu ya lafa, tarkacen jiragen ruwa ya taru a Jidda, mu maƙeran unguwar Misfala ta birni mai tsarki kuwa can muke zuwa neman ƙarfe. A cikin wani tuli na ci karo da mikiyar tagulla da aka ɓamɓaro daga jirgin Jamus, fikafikanta a buɗe, sun fi faɗin hannuwana biyu. Tambarin da ke ƙarƙashin faratanta an riga an farfasa shi, ban kuwa yi kewarsa ba, don mun ji irin ɓarnar masu shi. Ni aikin ne ya tafi da hankalina. Shekara ashirin ina ƙira, ban taɓa ganin zubin da gashin tsuntsu ya fito ɗai-ɗai haka ba.

Na kawo ta a bayan lori, na jingina ta a tsakar gida. Na goge tsatsar teku da toka da lemun tsami, na shafe ta da mai. Har na fara cigiyar wata mikiyar da aka ce an ciro daga goshin jirgin ƙasa.

Inna, mahaifiyata, ta ce ba ta tako daga Kano da ƙafarta ba don ta yi salla gida ɗaya da gunki. Mala'iku, in ji ta, ba sa shiga inda akwai sura. Na yi bayani har bakina ya bushe cewa koyon zubi nake, ba bauta ba. Ta naɗe tabarmarta, ta ɗauki butarta, ta koma wurin ƙanwata a unguwar Utaibiyya. Maƙwabta suka soma kallona kamar ni na kore ta.

Na yi taurin kai sati uku. Daga nan na je wurin malamin unguwarmu, ya ce hukuncin sananne ne: sura kai ce, in an cire kan, saura ƙarfe. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin gwanintar duk tana wurin idon da bakin nan. Amma uwa ba ta da madadi. Na sa zarto a wuyan, ina yanka ina tsaki.

Ranar da Inna ta dawo, ta dubi gangar jikin, ta dube ni.

“Ya waladi, ɗana, kan fa?”

Na ce yana cikin akwatina, a naɗe.

“Halas, shi ke nan. Narka shi ka zuba mini turmin gahawa.”

Na narka. Turmin ya fito a karkace, da ƙuraje a gindi, aikin da ko kyauta ba zan ba baƙo ba. Inna ta ce ba ta taɓa samun mai kyansa ba. Kullum da safe tana daka a ciki tana sa mini albarka, ni kuwa ina amsa amin da takaici.