Ƙasar da Ban Zuba wa Yayana Ba

A shekarar korona aka binne yayana, ina zaune cikin mota a bakin maƙabarta. Ba a bar mu mun matsa kusa ba. Ma'aikata ne suka sa shi a kabari, inji ya tura ƙasa. Da a garinmu ne, da ni zan shiga in karɓe shi, in zuba masa ƙasa da hannuna. Abin da ya tsaya mini a rai ke nan.

Masallatan unguwar Harlem a rufe suke, babu zaman makoki. Sai na riƙa hawa jirgin ƙasa zuwa ƙarshen tsibirin Manhattan, inda akwai daji a kan tudu. Ina tafiya da takunkumi a fuska, ina jiyo jiniyar motocin asibiti daga nesa.

Wata safiya bayan ruwan sama na tarar wata babbar bishiya ta tuge, ta bar rami a gefen hanya. Na durƙusa, na cire safar hannu, na ɗebi jiƙaƙƙiyar ƙasar na zuba a ramin, ina yi masa addu'a.

Da na ɗago, sai na ga wata tsohuwa Baturiya da karenta tsaye can baya, don hanyar siririya ce. Na ba ta haƙuri.

Ta ce, "Gama tukuna. Ba sauri nake ba."

Na sake durƙusawa. Ranar na koma gida da ƙasa a farcena, kuma ban yi gaggawar wankewa ba.