Baba Modu: Na Farko Ko Na Ƙarshe?

Har gobe ba na mantawa da ranar da aka ce in faɗi ko Baba Modu ya iya aikinsa. Zamanin soja ne, ina ƙaramin jami'in ƙididdiga a wata ma'aikata a Maiduguri. Umarni ya zo daga sama cewa a jera shugabannin sashen ruwa na ƙananan hukumomi gwargwadon ƙwazonsu, wanda ya zo ƙarshe a yi masa ritaya. Baba Modu yana cikinsu.

Hanya biyu muka bi. Ta farko, mu ɗauki rahoton ofisoshi, mu gwada yawan rijiyoyin burtsatse masu aiki da yawan jama'ar yankin. Ta biyu, mu zaɓi gidaje ta ƙuri'a, mu je mu tambayi mutane ko sun gamsu.

A ta farko Baba Modu ya zo na ƙarshe. A ta biyu shi ne na ɗaya. Kaina ya ɗaure tamau. Na sake lissafi, ban ga kuskure ba.

Abokin aikina Bukar ya ce, "Kai ma dai! Mutanenmu ba sa kai ƙarar dattijo wurin baƙo. Ko ƙishirwa na kashe su, Alhamdulillahi za ka ji." Na ga da gaskiyarsa. Sai shugabar sashenmu, Hajiya Falmata, ta ce, "Yankinsa fa na makiyaya ne. Da damina aka ƙirga su, da rani suna bakin tafki da shanunsu. Kun ɗora masa mutanen da ba sa nan." Ita ma na ga da gaskiyarta.

Na kai wa Darakta duka biyun, na ce, "Ranka ya daɗe, sun saɓa."

"Wacce ce daidai?"

"Wallahi ban sani ba. A bar mu mu koma."

"Gwamna ba ya jira. Wacce ta fi sauƙin bayani?"

Na ce ta farko. Ya ce shi ke nan, aka yi wa Baba Modu ritaya.

Abin da na koya shi ne, lissafi tambayar da ka yi masa kawai yake amsawa, zaɓi kuwa mutum ke yi, sau da yawa cikin gaggawa.

Bayan na bar aiki na haɗu da Baba Modu a unguwar Bolori, ya tsufa ƙwarai. Babu fushi a fuskarsa. Ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, kai ka yi lissafin. Don Allah gaya mini, na yi aiki ko ban yi ba?"