Kawu Usaini da Askin Ranar Alhamis

Kun dai san Kawu Usaini, idan ka yi masa sallama kanka yake fara kallo. Kafin ya gama amsawa sai ka ji, "Kai! Wane azzalumi ne ya yi maka wannan askin?" Ko da kuwa shi ya yi da hannunsa makon jiya.

Ƙanen mahaifiyata ne, ya fi shekara talatin yana aski a rumfarsa ta unguwar Sarkin Dawaki a nan Jalingo. Maƙo kuwa, ba a magana! Sabulu ɗaya gida takwas yake yanka shi. Na taɓa cewa, "Kawu, kumfar ba ta fito ba." Ya ce, "Wanka ka zo yi ko aski?"

Amma ranar Alhamis ba ya karɓar ko kwabo. Ranar marasa wurin kwana ce, masu kwana a tasha da bakin shaguna. Ya jera su a benci, kowa da sabuwar reza, yana aski yana faɗa.

Wata Alhamis wani babban ma'aikaci ya faka mota, ya ce, "Baba, a taimaka a fara da ni, ina da mitin."

Kawu ya nuna wani tsoho mai yagaggiyar riga. "Shi ma yana da mitin."

"Da wa?"

"Da ni. Bi layi."

Wallahi mutumin ya bi.

Tsohon nan, Buba, shi aka tsinci gawarsa a bakin wani shago da damina. Duk wanda aka tambaya sai ya ce bai san shi ba. Kawu ya ce, "Ni na san shi, yana da ƙanwa a Iware." Ya haye bayan babur ɗina. Duk gangara sai ya dunguri ƙeyata: "Kashe injin, kana ƙona mai a banza!" Muka samo matar, ta zo ta ga ɗan'uwanta kafin a rufe shi.

Bayan jana'iza na ce, "Kawu, wai me ya haɗa ka da mutanen nan?"

Ya daɗe yana goge almakashi. Sannan ya ce, "Ka taɓa ganin Usaini babu Hasan?"

A gida ba a ambaton Hasan, don mahaifiyata kuka take yi. Ashe suna samari a Katsina ya sami taɓin hankali, ya fita bai dawo ba. Wani direba ya ce ya sauke shi a Jalingo. Abin da ya kawo Kawu garin nan ke nan.

Ya ce, "Duk gemun da na aske, sai na tsaya na duba ko zan ga fuskata."

Bara ya rasu bai gani ba. Ranar jana'izarsa mutanensa na Alhamis suka tsaya can nesa, ba su shiga sahu ba sai da na je na jawo su.

Masu tambayata dalilin da nake yawo tasha-tasha da tabarmi da kular abinci, to kun ji. Aski ne ban iya ba, amma na iya tambayar mutum sunansa da garinsu.

Allah ya jiƙan Kawu, ya sa ya huta. Hasan kuma, in yana raye, Allah ya ba shi wurin kwana. In ya riga mu, Allah ya haɗa su a Aljanna.